Lambar 4,294,967,297: waɗanne siffofinta ne na jiki, waɗanne ne na riga?

Ɗalibin Lissafi:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwana. An ba mu aiki cewa kowa ya zaɓi babbar lamba guda ɗaya, ya bayyana siffofinta da rukunonin da ta faɗa ciki. Ni na ɗauki 4,294,967,297, wato biliyan huɗu da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu da dubu ɗari tara da sittin da bakwai da ɗari biyu da casa'in da bakwai, domin na ga cewa idan aka jera biyu-biyu guda 32 aka ninka su da juna, sannan aka ƙara 1, ita ce ke fitowa. Abin da na iya ganowa da hannuna shi ne cewa mara ce, tun da ta ƙare da 7, kuma ƙwayoyinta goma ne, jimillarsu 59, saboda haka 3 da 9 ba sa raba ta. Da na raba ta da 11 an sami ragowar 5. Na ci gaba da gwada 7 da 13 da 17 har na kai 97, babu wadda ta raba ta ba tare da saura ba. Shin ya halatta in rubuta cewa lambar asali ce, irin wadda wasu ke kira firam, wadda ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka rubuta haka, domin aikin da ka yi bai kai inda za a yanke hukunci ba. Idan mutum yana son ya tabbatar da cewa lamba ta asali ce ta hanyar gwada rabawa, wajibi ne ya gwada dukan lambobin asali har zuwa wadda in an ninka ta da kanta za ta kai girman lambar da ake bincike. A nan iyakar ita ce 65,536, kuma lambobin asalin da ke ƙasa da ita 6,542 ne. Kai ka gwada 25 daga cikinsu. Da ka daure har ka kai ta 116, wato 641, da ka ga ta raba ta daidai, an sami 6,700,417. Ka gwada da kanka a takarda: 6,700,417 sau 600 ya ba da 4,020,250,200, sau 40 ya ba da 268,016,680, ka haɗa su ka ƙara 6,700,417 sau ɗaya, za ka ga lambarka ta dawo cif.

Amma kada ka ji kunya, domin wanda ya fi mu duka ya faɗa wannan ramin. Pierre de Fermat, masanin nan na Faransa, ya lura a shekarar 1640 cewa 3 da 5 da 17 da 257 da 65,537 duk lambobin asali ne, kuma dukansu suna da siga ɗaya: 2^1, 2^2, 2^4, 2^8 da 2^16, kowace an ƙara mata 1 (2^4 na nufin a jera 2 guda huɗu a ninka su da juna, haka ma sauran). Sai ya yi hasashen cewa duk wadda ta biyo baya a wannan jerin haka za ta kasance. Taka ita ce ta shida, kuma ita ce ta fara rushe hasashen, ko da yake sai a 1732 Leonhard Euler ya nuna hakan, shekara 92 bayan maganar Fermat.

Mai Shakka:
Malam, ina da ja a nan, ba a kan rabawar ba, domin gani ya kori ji, na ninka kuma na ga ta fito. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an koya mana cewa Fermat ɗin nan yana da ƙa'idarsa ta gwada lambar asali: ka ninka 2 da kanta adadin da ya gaza lambar da ɗaya, ka raba da lambar, in ta asali ce ragowar 1 za ta kasance. Na sa kwamfuta ta yi wannan gwajin a kan 4,294,967,297, kuma ragowar da ta ba ni 1 ce. To, ko dai ƙa'idar ƙarya take yi, ko kuwa akwai abin da ba a gaya mana ba a aji.

Uwar Ɗalibai:
Ɗan'uwana Mai Shakka, ƙa'idar ba ta yi ƙarya ba, juya ta ka yi. Abin da ta ce shi ne duk lambar asali mara za ta ba da ragowar 1, amma ba ta taɓa cewa duk wadda ta ba da ragowar 1 ta asali ce ba. Kama da wane ba ta wane. Akwai haɗaɗɗun lambobi, wato waɗanda ba na asali ba, da suke tsallake wannan gwajin, kuma mafi ƙanƙantarsu ita ce 341, wadda 11 sau 31 ce. Masana suna ware musu rukuni na musamman, ana iya kiransu lambobin asali na bogi, kuma lambar ɗalibinmu tana cikinsu, don haka ya samu rukuni guda da zai ƙara a aikinsa.

Dalilin da ya sa ta tsallake kuwa a bayyane yake, ba ma sai an tayar da kwamfuta ba. Tun da lambar ita ce 2^32 da ƙarin 1, to 2^32 ta gaza ta da ɗaya ke nan. Duk abin da ya gaza cika da ɗaya, in aka ninka shi da kansa aka raba, ragowarsa 1 ce, saboda haka 2^64 tana barin ragowar 1. Adadin ninkawar da gwajin ke buƙata shi ne 4,294,967,296, wanda 64 ke raba shi daidai, don haka dole amsa ta fito 1. Wannan hujjar ba ta tambayi ko lambar tana rabuwa ko ba ta rabuwa ba, kuma haka za ta yi aiki a kan kowace lamba a jerin Fermat. Wato gwaji da 2 makaho ne a wannan dangin. Ka koma ka sa 3 a madadin 2, za ka ga ragowar ta fito 3,029,026,160, kuma wannan kaɗai ya isa ya tabbatar da cewa lambar haɗaɗɗiya ce ba tare da an san masu raba ta ba. A kan irin wannan tunanin ne Pépin ya gina gwajinsa a 1877, wanda har yau da shi ake tantance manyan lambobin wannan jerin.

Mai Shakka:
Na sake gwadawa da 3, Malama, kuma ragowar da kika faɗa ce ta fito. Na janye wannan, amma akwai sauran magana, zan dawo kanta.

Dattijo Mai Karatu:
Ina so in ƙara wani abu a kan yadda Euler ya kai ga 641, domin mutane sukan zaci haƙuri ne kawai ya yi ta rabawa ɗaya bayan ɗaya. Christian Goldbach ne ya ja hankalinsa ga hasashen Fermat a wata wasiƙa a ƙarshen 1729. Abin da Euler ya fahimta, kuma ya bayyana hujjarsa daga baya, shi ne cewa ba kowace lambar asali ce ke da damar raba 2^32 + 1 ba. Duk wadda za ta raba ta, dole in an cire mata 1 ta rabu da 64. Da wannan sharaɗin, jerin waɗanda za a gwada ya zama 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641, kuma a cikinsu na asali biyar ne kacal: 193, 257, 449, 577 da 641. Rabawa biyar ke nan maimakon 116. A 1878 kuma Édouard Lucas ya ƙara matse sharaɗin, ya nuna cewa 128 ma dole ta raba, sai ya rage 257 da 641 kawai. Ita 257 kuwa ba ta ma buƙatar gwaji, domin lambobin jerin Fermat ba sa tarayya da juna a kan kowace mai rabawa ban da 1. Ni abin da ke ba ni mamaki a kullum shi ne, Fermat yana da dukan kayan aikin da za su kai shi ga wannan sakamakon, domin ya yi amfani da irin wannan dabarar a kan wasu lambobi, amma a nan bai cimma ta ba.

Malam Mai Alli:
Allah ya ƙara girma, Baba. Tun da an zo nan, bari in nuna wa ɗalibinmu hujjar da za ta shiga bayan tafin hannu, wadda ba ta buƙatar doguwar rabawa ko kaɗan. Lambar 641 tana da fuska biyu. Ta farko, 5 sau 128 da ƙarin 1 ce. Ta biyu, 625 da 16 ce, wato 5^4 da 2^4. Daga fuskar farko, 5 sau 2^7 ta gaza 641 da ɗaya, saboda haka in aka ninka ta da kanta har sau huɗu, wato 5^4 sau 2^28, ragowarta 1 ce idan an raba da 641. Daga fuska ta biyu kuma, 5^4 ta gaza 641 da 2^4. To ka ɗauki 641 ka ninka da 2^28: abin da zai fito shi ne 5^4 sau 2^28, haɗe da 2^32. Jimillar tana rabuwa da 641, kashin farko kuma ragowarsa 1, saboda haka 1 haɗe da 2^32 ma dole ta rabu da 641. Shi ke nan. Shekara da shekaru ina rubuta wannan a allo, kuma duk lokacin da na kai layin ƙarshe sai na ga wasu ɗalibai sun koma farko suna neman inda aka yi musu rufa-ido.

Ɗalibin Lissafi:
Na gode ƙwarai, malamaina. Na gyara jerin kamar haka, a duba mini. Lambar haɗaɗɗiya ce, 'ya'yanta na asali biyu ne, 641 da 6,700,417. Masu raba ta huɗu ne: 1 da waɗannan biyun da ita kanta. Idan aka tara masu raba ta ban da ita kanta, ana samun 6,701,059, wanda ya yi ƙasa da ita nesa ba kusa ba, don haka tana cikin rukunin masu gaza, ba cikin cikakku irin 6 da 28 ba, ba kuma cikin masu rara irin 12 ba. Babu lambar asalin da ta maimaitu a cikinta. Adadin lambobin da ke ƙasa da ita waɗanda ba su yi tarayya da ita a mai rabawa ba, ban da 1, shi ne 640 sau 6,700,416, wato 4,288,266,240. Jimillar ƙwayoyinta 59 ce, wadda ita ma lambar asali ce, kuma 59 ba ta raba ta. A rubutun kwamfuta na sifili da ɗaya kuwa, 1 ce da sifili 31 da wani 1, ana karanta ta daidai ta gaba da ta baya.

Mai Shakka:
To ga sauran maganar da na ce zan dawo kanta. Ina amfanin irin wannan jeri? Duk lambar da ka ɗauka a duniya za ka iya tara mata laƙabi ashirin, ka ce mara ce, ka ce jimillar ƙwayoyinta kaza, ka ce ba cikakkiya ba ce. Yawancin lambobi masu gaza ne, don haka faɗin cewa wannan ma mai gaza ce bai bambanta ta da komai ba. A ganina ana cika takarda ne kawai, kuma ɗalibi zai tashi yana zaton ya san lamba alhali sunaye ya haddace.

Malam Mai Alli:
Rabin maganarka gaskiya ce, kuma rabin nan ya fi yawancin abin da ake koyarwa amfani. Laifin irin wannan jerin shi ne yana ajiye siffofi kafaɗa da kafaɗa kamar darajarsu ɗaya, alhali ba haka ba ne. Ni nakan raba su gida biyu. Akwai siffofin riga, waɗanda suka dogara ga yadda muka zaɓi mu rubuta lambar. Cewa ƙwayoyinta goma ne, ko jimillarsu 59 ce, ya samo asali ne daga ƙirgawar da muke yi da goma-goma, kuma da a ce da takwas-takwas muke ƙirga, da duk wannan ya canja alhali lambar tana nan yadda take. Sannan akwai siffofin jiki, waɗanda ba ruwansu da rubutu. Ka duba jerin ɗalibin nan da kyau: adadin masu raba ta, jimillarsu, kasancewarta mai gaza, rashin maimaituwar ɗan asali, da 4,288,266,240 ɗin nan, duk daga layi ɗaya suka fito, wato 641 sau 6,700,417. Wanda ya san wannan layin zai fitar da sauran cikin minti biyar, wanda bai san shi ba kuwa ba zai iya faɗin ko ɗaya daga cikinsu da tabbaci ba. Saboda haka shawarata ga ɗalibin ita ce ya sa rabuwar a sama, ya nuna yadda kowace siffa ta gangaro daga gare ta, ya tura na riga can ƙasa.

Uwar Ɗalibai:
Na yarda da rabon, Malam, amma ban yarda a jefa rubutun sifili da ɗaya cikin kayan riga haka kawai ba. Gaskiya ne cewa karantuwa ta gaba da baya siffar rubutu ce, sai dai a wannan lambar rubutun na biyu-biyu shi ne ya tona asalinta. Mutumin da ya ga 4,294,967,297 ba zai ga komai ba sai tarin ƙwayoyi, amma wanda ya ga 1 da sifili 31 da 1 ya riga ya ga 2^32 + 1 da idonsa, kuma daga wannan sigar ce sharaɗin Euler da na Lucas suka fito. Wata rigar ɓoye jiki take yi, wata kuwa an ɗinka ta daidai da shi.

Akwai kuma siffar da ɗalibin bai kawo ba, wadda a wurina ta fi duk na jerinsa kyau. Kowa ya ga cewa lambar jimillar murabba'i biyu ce, 65,536 sau kanta da 1 sau kanta. To tana da hanya ta biyu: 62,264 sau kanta, wato 3,876,805,696, haɗe da 20,449 sau kanta, wato 418,161,601. Lambar asali ba ta taɓa rubutuwa a matsayin jimillar murabba'i biyu ta hanyoyi biyu daban, saboda haka samun ta biyun nan kaɗai hujja ce cewa tana rabuwa. Kuma ruwa ba ya tsami banza: 641 ita ce murabba'in 25 da na 4, ita kuma 6,700,417 murabba'in 2,556 ce da na 409. Ka ninka 25 da 2,556 ka sami 63,900, ka ninka 4 da 409 ka sami 1,636. In ka haɗa su, 65,536 ce, in ka ɗebe, 62,264 ce. Haka nan 25 sau 409 ya ba da 10,225, 4 sau 2,556 ya ba da 10,224, bambancinsu 1, jimillarsu 20,449.

Malam Mai Alli:
Na karɓi gyara, Malama. Amma ki lura cewa misalinki na biyu ya dawo gidana, domin hanyoyin biyun ma daga 'ya'yan nan biyu suka fito.

Injiniyan Manhaja:
Gafarta malamai, bari in kawo yadda lambar take a wurinmu masu rubuta manhaja, domin Mai Shakka ya tambayi amfani. Gurbin ajiya mai ɗaukar sifili da ɗaya guda 32 yana iya riƙe lambobi 4,294,967,296, daga 0 zuwa 4,294,967,295, kuma wannan ne ya iyakance yawan adireshin intanet a tsohon tsarin da ake kira IPv4. Lokacin da nake koyo na taɓa rubuta ƙaramar manhaja ta neman masu raba lamba, na ba ta 4,294,967,297, sai ta amsa mini cewa mai raba ta ɗaya ce tak. Na kwana ina duba lissafina, ashe gurbin ne ya cika ya zube, 1 na can sama ya faɗi, abin da ya rage a ciki shi ne 1 na ƙarshe, manhajar kuwa tana ta yi mini aiki a kan 1 da iyakar gaskiyarta.

Wani abin da ya kamata ɗalibin ya duba shi ne maƙwabtanta. Ta bayanta, 4,294,967,296, biyu ce zalla, masu raba ta 33. Wadda ke bayan wannan kuma, 4,294,967,295, ita ce 3 sau 5 sau 17 sau 257 sau 65,537, wato lambobin Fermat biyar na farko a ninke, masu raba ta 32. Tamu kuwa huɗu gare ta. Lambobi uku ne a jere, amma gininsu bai yi kama ba ko kaɗan. Daga nan ne ma ake ganin abin da Baba ya faɗa: tun da tamu ta ɗara ninkin biyar ɗin da 2 kacal, duk wadda aka raba ta da ita a cikinsu ragowar 2 za ta bari. Game da amfani kuwa, 65,537 tana aiki kullum a tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda tsaronsa ya dogara ga wahalar raba lambar da aka gina da 'ya'yan asali biyu, irin ginin tamu, sai dai nasu suna da ɗaruruwan ƙwayoyi.

Dattijo Mai Karatu:
Maƙwabciyar nan da ka ambata tana da wani matsayi a ilimin zane. A 1796 Gauss, yana ɗan shekara 18, ya nuna cewa ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da abin ja layi da kamfas kawai, sannan ya danganta wannan da lambobin asali na jerin Fermat, Wantzel kuma ya kammala hujjar a 1837. Sakamakon shi ne siffa mai gefe 4,294,967,295 tana zanuwa a ƙa'ida, amma mai gefe 4,294,967,297 ba ta zanuwa, saboda 641 ba ta cikin jerin. Kuma tsugune ba ta ƙare ba, domin bayan 65,537 ba a sake samun ko ɗaya ta asali a jerin ba. Wadda ke bin tamu, 2^64 + 1, tana rabuwa da 274,177, kamar yadda Landry ya nuna a 1880.

Mai Shakka:
Na gamsu da rabon jiki da riga, duk da cewa har yanzu ina ganin laƙabin mai gaza bai cancanci layi guda ba. Sai dai akwai giɓi a maganarmu. Kowa yana ta cewa 6,700,417 ta asali ce, kuma a kan wannan aka gina cewa masu rabawa huɗu ne, amma ba wanda ya nuna hujja. Kada mu maimaita kuskuren da aka fara muhawarar da shi.

Uwar Ɗalibai:
Wannan ja ne mai kyau, kuma ɗalibin ne ya kamata ya toshe giɓin. Ƙanena, duk mai raba 6,700,417 tana raba babbar lambar ma, don haka sharaɗin Lucas ya hau kanta. Ka nemo lambobin asali da ba su wuce 2,588 ba, waɗanda in an cire musu 1 suke rabuwa da 128, ka gwada su.

Ɗalibin Lissafi:
Na yi, Malama. Lambobin da suka cika sharaɗin 128 guda ashirin ne, daga 129 zuwa 2,561, kuma goma sha biyar daga cikinsu haɗaɗɗu ne, har da masu ruɗi irin 1,537 da take 29 sau 53, da 1,921 da take 17 sau 113. Waɗanda suka rage su ne 257, 641, 769, 1,153 da 1,409. Na raba 6,700,417 da kowace a takarda, ragowar da na samu a jere su ne 170, 44, 120, 334 da 622. Zan sa wannan a ƙarƙashin layin rabuwar, kafin in shiga lissafin masu raba ta.